An kira ni intabiyun aikin nazarin kuɗi, saura kwana 12: me zan karanta?

Wani matashi ne ya rubuto daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Tarayya da ke Dutse, ya gama bautar ƙasa, yanzu wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano ya kira shi intabiyu, za su ɗauki mai nazarin harkokin kuɗi. Saura kwana 12. Ba shi da kwamfuta tasa ta kansa, sabis kuma a garinsu sai an fita bayan gari. Yana tambaya: me zai karanta, me kuma za a tambaye shi?

Ƙanena, barka da wannan kira, Allah ya sa da rabonka a ciki. Kwana 12 sun isa in dai ba ka ɓata su wajen haddace ma'anonin kalmomi ba. Wanda zai zauna gabanka, ko shugaban sashen kuɗi ne ko babban akanta, abu ɗaya yake nema: in ya miƙo maka lambobi, za ka iya gaya masa inda kuɗin kamfani suka shiga, da dalili, da abin da ya kamata a yi? Ma'anar kalma kowa zai iya samowa a waya. Bayani da baki a gaban mutum uku masu kallonka, nan gizo ke saƙar.

Ka fara da takardun kuɗi guda uku da yadda suke haɗe da juna. Akwai bayanin riba da asara, mai nuna ciniki da kashe kuɗi na tsawon shekara. Akwai takardar kadara da bashi, mai nuna abin da kamfani ya mallaka, da abin da ake binsa, da jarin masu shi a rana guda. Sai bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. Ribar da ta rage bayan haraji daga ta farko take fitowa, ta shiga ta biyu a matsayin ribar da aka tara, ita ce kuma layin farko na ta uku. Tsabar kuɗin da ta uku ta ƙare da su dole su yi daidai da waɗanda ke cikin ta biyu. In ka riƙe wannan zaren, rabin tambayoyin sun zo hannu.

Tambayar da aka fi gwada wannan da ita ita ce ta raguwar darajar inji, wato kason kuɗin inji da ake cirewa a littafi duk shekara saboda tsufansa. Za a ce maka: an ƙara naira miliyan 10 a kan raguwar darajar kadara, haraji kashi 30 cikin 100, me zai faru a takardun uku? Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi tsalle. Riba kafin haraji ta ragu da miliyan 10, haraji ya ragu da miliyan 3, riba bayan haraji ta ragu da miliyan 7. A bayanin tsabar kuɗi ka fara da ragin miliyan 7 ɗin, ka mayar da miliyan 10 tunda ba kuɗi ne suka fita daga aljihu ba, sai tsabar kuɗi su ƙaru da miliyan 3. A takardar kadara, kuɗi sun hau da 3, inji ya sauka da 10, jimlar kadara ta ragu da 7, ribar da aka tara ita ma ta ragu da 7. Ɓangarorin biyu sun daidaita. Bayan ka gama, ka ƙara da cewa a Najeriya hukumar haraji ba ta karɓar raguwar darajar da akanta ya lissafa, tana da nata rangwamen da doka ta tsara a kan kadarori, saboda haka harajin da za a biya a zahiri zai iya bambanta. Wannan jimla ɗaya tana raba wanda ya haddace da wanda ya gane.

Yanzu mu zo inda za ka fi daɗewa, domin kamfanin shinkafa kullum ciwonsa a nan yake. Ɗauki wannan misali ka yi shi da biro da takarda har sai ya zauna maka. Kamfani ya yi cinikin naira miliyan 600 a shekara. Kuɗin kayan da ya sayar, wato shanshera da casa da buhu, miliyan 480. Ribar farko miliyan 120, kashi 20 cikin 100 ke nan. Albashi, dizal, gyara da sauransu sun ci miliyan 50, a ciki har da miliyan 15 na raguwar darajar inji. Ribar gudanarwa ta zama miliyan 70. In ka mayar da 15 ɗin nan ka samu 85, shi ne abin da ake kira EBITDA, wato riba kafin a cire kuɗin ruwa, haraji da raguwar daraja. Kuɗin ruwan banki miliyan 40, saura 30, haraji ya ɗauki 9, riba ta tsaya a miliyan 21. Kashi uku da rabi cikin 100 na ciniki. Ribar gudanarwa kuwa ta ninka kuɗin ruwa sau 1.75 kacal, wato ciniki ya ɗan tangaɗa kaɗan, banki zai cinye ribar duka.

To ga inda za a ɗana maka tarko. Kayan da ke sito sun tashi daga miliyan 100 zuwa 160, saboda an sayi shanshera da yawa da kaka. Bashin da kamfani ke bin diloli ya tashi daga 45 zuwa 75. Bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani ya ɗan tashi daga 15 zuwa 20. Lissafa: 21 a haɗa da 15, a cire 60, a cire 30, a ƙara 5. Amsa ita ce ragin miliyan 49. Kamfani ya ci ribar miliyan 21 a takarda, amma tsabar kuɗi miliyan 49 ne suka fita. In aka tambaye ka yadda kamfani mai cin riba zai kasa biyan albashi, ga amsarka da lambobi.

Kai da ka tashi a yankin Haɗeja ba baƙon wannan ba ne. Ka san ɗan kasuwar da ke cika sito da riɗi ko shinkafa da kaka, ya ba wa mutanen Dawanau kaya bashi, kowa na ce masa Alhaji, amma ranar da za a sayi taki sai ya ranta. Abin da za ka ƙara kawai shi ne auna shi da kwanaki. Kayan sito: 160 a raba da 480 a ninka da 365, kwana 122. Bashin da ake bin diloli: 75 a raba da 600 a ninka da 365, kwana 46. Bashin masu kawo kaya: 20 a raba da 480 a ninka da 365, kwana 15. Haɗa na farko da na biyu ka cire na uku, kwana 153. Wata biyar cur naira tana fita kafin ta dawo gida, banki kuma yana ƙirga ruwansa kullum. Lura da cewa kayan sito da bashin masu kawo kaya ana raba su ne da kuɗin kayan da aka sayar, ba da ciniki ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa.

Kada ka tsaya a lissafi. Za a ce maka, to me za ka ba da shawara? Ka ce a rage kwanakin bashi ga diloli, ko a yi wa mai biya nan take ɗan ragi, a duba bashin da ya wuce kwana 90 a san ko zai biyu, a kwatanta ribar da ake ci daga ajiye shanshera da kuɗin ruwan da ajiyar ke jawowa, da asarar da danshi da ƙwari ke yi a sito. Sannan ka faɗi ɗaya ɓangaren da kanka: in ba a saya da kaka ba, da bazara farashi ya tashi, inji zai zauna babu aiki. Masu intabiyu suna son wanda ke ganin fuska biyu na shawararsa tun kafin a nuna masa.

Abu na gaba shi ne kwatanta kasafi da abin da ya faru, wanda shi ne aikin da za ka riƙa yi duk ƙarshen wata in an ɗauke ka. An yi kasafin sayar da buhu 10,000 a kan naira 60,000, miliyan 600. Aka sayar da buhu 9,000 a kan 68,000, miliyan 612. Wanda bai iya ba zai ce an zarce kasafi da miliyan 12, madalla. Kai ka raba shi biyu. Ƙarin farashi na 8,000 a kan buhu 9,000 ya kawo miliyan 72. Raguwar buhu 1,000 a kan farashin kasafi ta janye miliyan 60. Kamfani ya rasa kashi 10 cikin 100 na yawan cinikinsa, tsadar kaya ce ta rufa masa asiri. Sai ka tambaya: farashin shanshera fa, da nawa ya tashi? In ya fi na tsabar shinkafa tashi, ribar ma ta ragu.

Sai darajar kuɗi da lokaci. Za a sayi sabon inji na miliyan 50, zai riƙa kawo miliyan 20 duk shekara har shekara 4. Jimla 80, a ido riba ce ta 30, kuma jarin zai dawo cikin shekara biyu da rabi. Amma in kuɗin da aka saya da shi yana cin kashi 25 cikin 100 a shekara, miliyan 20 ta shekarar farko darajarta yau 16 ce, ta biyu 12.8, ta uku 10.24, ta huɗu 8.19. Jimla 47.23, ƙasa da 50 ɗin da aka zuba. NPV, wato darajar yau ta kuɗin da za su shigo bayan an cire jarin da aka zuba, ya zama ragin kusan miliyan 2.8, bai kamata a saya ba. Da kashi 20 aka yi lissafin, da an samu 51.77, sayen ya yi daidai. IRR ɗin aikin, wato adadin kashin da zai sa NPV ya zama sifili, yana wajen kashi 22. Ka ga ke nan hukuncin gaba ɗaya yana rataye a kan adadin da ka zaɓa, shi ya sa tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: me ya sa ka ɗauki 25? Amsa: ka duba abin da banki ke caja, da abin da takardun bashin gwamnati ke biya ba tare da kasada ba, ka ƙara gwargwadon kasadar aikin.

Game da Excel, babu makawa sai ka taɓa kwamfuta. Ka nemi shagon kwamfuta a Haɗeja ko wani abokin karatu mai ita, ko awa 2 ne a rana na kwana 5. Excel na waya zai taimaka maka ka tuna yadda ake rubuta dabara, wato formula, amma ba zai ba ka saurin hannu ba. Ka iya SUMIFS, da IF, da PivotTable, da VLOOKUP, da INDEX haɗe da MATCH. XLOOKUP ya fi sauƙi, sai dai babu shi a Excel 2016 da 2019, ofisoshi da yawa kuma har yanzu tsofaffin suke amfani da su, don haka kada ka dogara da shi kaɗai. Kurakurai uku ne suka fi kayar da mutane a gwajin. Na ɗaya, mantawa da alamar dala wajen kulle ɗaki, wato cell, sai dabara ta zame in an ja ta ƙasa. Maɓallin F4 ke sa ta. Na biyu, barin VLOOKUP ba a sa FALSE a ƙarshe ba, sai ya kawo amsa makusanciya maimakon ainihinta, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Na uku, cusa kuɗin da aka zuba da farko cikin dabarar NPV. Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin ta ƙarshen shekara ta ɗaya, saboda haka miliyan 50 ɗin a waje ake cire ta. Kuma kada ka rubuta lamba da hannu cikin dabara. Farashi, haraji, kuɗin ruwa, kowanne ya samu ɗakinsa, domin in an ce maka canza farashi zuwa 55,000 ka canza a wuri ɗaya.

Za a kuma gwada ko kana bin abin da ke faruwa a ƙasa. An cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Kamfanoni masu bashin dala, irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria, sun rufe shekarar da asara duk da cinikinsu ya ƙaru. Ka iya bayanin dalili: bashin dala miliyan 1 yana nan dala miliyan 1, amma a littafi da naira ake rubuta shi, in naira ta faɗi sai adadin ya ƙaru, bambancin kuma asara ce. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, a farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'aunin lissafinta, adadin Janairu ya koma 24.48. Wannan ba ya nufin kaya sun sauka a kasuwa, ka kiyaye kada ka kwatanta lambobin biyu kai tsaye. Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, ya rage zuwa 27 a Satumban 2025. An sa hannu kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025. Daren intabiyu ka duba lambobi huɗu na wannan makon ka rubuta a takarda: farashin dala, hauhawar farashi, ma'aunin kuɗin ruwa na babban banki, da farashin litar dizal.

Ka haɗa su da shinkafa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Duk lokacin da ta waje ta shigo da araha, kamfanin da ya cika sito da shanshera mai tsada shi ke kwana ciki. Ka san kuma cewa tan ɗaya na shanshera ba ya ba da tan ɗaya na shinkafa: abin da ke fita yana wajen kilo 600 zuwa 650, gwargwadon inji da ingancin kaya, saura ɓuntu ne da dusa. Danshin da ake so don ajiya kashi 14 ne ko ƙasa. Wanda ya sayi jiƙaƙƙiya, ruwa ya saya da kuɗin shinkafa. Ɗan birni da ya fi ka Turanci mai yiwuwa bai taɓa riƙe shanshera a tafin hannu ba. Ka yi amfani da wannan, kada ka ɓoye shi. Don ka saba da ganin takardun gaske, ka sauke rahoton shekara na BUA Foods ko Dangote Sugar, ana samunsu kyauta tunda suna kasuwar hannun jari ta NGX, ka lissafa kwanakin nan uku da kanka.

Da Turanci za a yi intabiyun, saboda haka duk misalin da ke sama ka faɗe shi da Turanci da ƙarfi, ka naɗa a waya, ka saurara. Tambayar farko, ta ka gabatar da kanka, minti ɗaya da rabi ya ishe ta: abin da ka karanta, aikin lissafi da ka taɓa yi, dalilin neman wannan aikin. Ba tarihin zuri'a ake nema ba. In an ce ka ba da misalin matsalar da ka warware, kada ka raina abin da ke hannunka. Riƙe littafin ƙungiyar manoma, lissafin adashe, ko aikin binciken kammala digiri duk sun isa, muddin ka faɗi yadda abin yake, abin da ka yi, da abin da ya fito, da lamba. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya da cewa "mun yi" maimakon "na yi" tana da kyau a zaure, amma a ɗakin intabiyu sai a ɗauka ba kai ka yi aikin ba. Ka gaishe su da ladabi, ka ɗaga kai, ka ce na yi. In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kame-kame a gaban akanta ya fi rashin sani muni, domin aikin gaba ɗaya amana ce ta lambobi. In kana shirin jarrabawar ICAN ta akantoci ko CFA ta masu nazarin kuɗi, ka faɗi matakin da kake, kada ka ƙara ko taki ɗaya. Ana neman shaida.

Akwai maganar kuɗin ruwa, wadda gara ka yi shawara da malaminka tun kana gida, domin aikin zai haɗa ka da lissafinsa. Sanin hanyoyin da babu ruwa ma ƙari ne a gare ka. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Ka iya bayanin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani, da ijara, inda banki ke sayen kadara ya ba ka haya, da salam, inda ake biyan manomi kafin girbi. Kamfanin da ke sayen amfanin gona a Kano zai saurari wanda ya san waɗannan.

In ta intanet za a yi, kada ka gwada sa'a da sabis ɗin ƙauye. Ka tafi Haɗeja, ka samu ɗaki shiru nesa da injin niƙa da janareta, ka gwada Zoom ko Teams ɗin kwana ɗaya kafin ranar a daidai wannan lokacin, da layi biyu na kamfanoni daban da fawa bank cike. Haske ya kasance a gabanka, waya a jingine, ba a hannu ba. In ido da ido ne, ka kwana a Kano. Ka tabbatar ko a Sharaɗa ne, ko Bompai, ko Challawa, ko ma a wajen gari masana'antar take, domin ofis da masana'anta ba lallai su kasance wuri ɗaya ba. Ka riƙe ainihin takardar digiri, ta kammala bautar ƙasa, katin NIN, kwafin CV uku, biro da kalkuleta. Kaftani mai guga da hula ya wadatar a kamfani irin wannan. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, ɗan damfara ne.

Albashi kuwa, ka bari su fara ambata. In sun matsa, ka ba da tsakanin kaza da kaza bayan ka tambayi masu irin aikin a Kano, ka kuma lissafa haya da kuɗin mota tunda barin gida za ka yi. Ka tambaya ko adadin kafin cire-cire ne ko bayansa: ana cire harajin albashi, da kashi 8 na fansho daga ɓangarenka, kamfani ya zuba aƙalla kashi 10. Da suka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ka tambaye su kwana nawa suke ɗauka kafin su rufe lissafin wata, wace manhaja suke aiki da ita, da kuma wane rahoto ne zai fara fitowa daga teburinka a watan farko.